Babi na Huɗu: Tarken Matsayin Iyaye a Tsarin Suzuki na Koya wa Ƙananan Yara Kiɗan Goge

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi tarken tsarin da Shinichi Suzuki (1898-1998), mutumin ƙasar Jafan, ya shimfiɗa domin koya wa ƙananan yara kiɗan gogen Turawa, wato bayolin, da sauran kayan kiɗa masu tsirkiya. Ba dukkan sassan tsarin za a duba ba. Abin da babin ya sa gaba shi ne matsayin da tsarin ya ba iyaye, domin a nan ne ya sha bamban da hanyoyin koyarwa da suka gabace shi. Za a fara da bayanin tushen tsarin a taƙaice, sannan a kawo aikin da aka ɗora wa iyaye, daga nan a auna wannan aiki da hujjar da Suzuki ya kafa. Ra'ayin wannan kundi shi ne, Suzuki ya yi gaskiya da ya mayar da gida makarantar farko ta makaɗi, amma kwatancen da ya yi da koyon harshen uwa ya ɓoye nauyin aikin da ake nema daga uwa, sannan ya bar ta da laifi idan yaro ya gaza.

4.1 Tushen Tsarin a Taƙaice

An haifi Suzuki a birnin Nagoya. Mahaifinsa, Masakichi Suzuki, yana da masana'antar ƙera bayolin a wannan birni. Duk da haka Suzuki bai fara koyon kiɗan ba sai da ya kai shekara 17, bayan ya saurari wani faifan garmaho na shahararren makaɗi Mischa Elman. A shekarun 1920 ya zauna a Barlin ta ƙasar Jamus yana ƙaro ilimi, kuma a can ya auri Waltraud Prange. Bayan ya koma gida, a farkon shekarun 1930, aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 4 mai suna Toshiya Eto domin ya koya masa goge. Tunanin yadda zai koyar da yaro ƙarami haka shi ne ya kai shi ga lura da cewa kowane yaro a Jafan yana jin Jafananci, har da karin harshen garinsu, ba tare da an ce wannan yana da baiwa wancan ba shi da ita ba. Daga nan ya yanke cewa iyawa aba ce da ake reno, kuma idan aka bi hanyar da yaro ke bi ya koyi harshen uwarsa, to zai iya koyon kiɗa ma.

A shekarar 1946 ya fara koyarwa bisa wannan ra'ayi a makarantar kiɗa ta Matsumoto, kuma ya kira tsarin nasa da sunan da ma'anarsa ita ce renon basira. A 1955 aka yi babban taron kiɗa na farko a Tokiyo, inda yara fiye da 1,000 suka goga tare. A 1958 aka nuna wani fim na irin wannan taro a Kwalejin Oberlin ta Amurka, abin da ya sa John Kendall ya tafi Jafan a 1959 domin ya gane wa idonsa. A 1964 Suzuki ya kai yara 10 rangadi Amurka, kuma daga nan tsarin ya bazu. Ya bayyana ra'ayoyinsa a littafinsa Ai ni Ikiru na 1966, wanda matarsa ta fassara zuwa Ingilishi a 1969 da sunan Nurtured by Love. A yau ana amfani da tsarin wajen koyar da biyola da celo da jita da fiyano da wasunsu, amma bayolin ne tushensa.

4.2 Aikin da Aka Ɗora wa Iyaye

Malaman wannan tsari kan ce koyarwar tana tsaye ne bisa mutum uku, wato yaro da malami da ɗaya daga cikin iyaye, tamkar dai duwatsun murhu, waɗanda in aka cire ɗaya tukunya ba ta zama. A Matsumoto, kamar yadda Suzuki kansa ya bayyana, uwa ce ke riƙe da wannan matsayi. Ana iya kasa aikinta gida huɗu:

(a) Ita ake fara koya wa. Kafin a miƙa wa yaro goge, uwa za ta koyi yadda ake tsayuwa da riƙon goge da riƙon baka, har ta iya kiɗa na farko. Manufa ita ce yaro ya ga uwarsa tana yi, sha'awa ta kama shi, ya nemi a ba shi da kansa.

(b) Ita ke cika gida da sauti. Kullum za ta sa wa yaro faifan kiɗe-kiɗen da zai koya nan gaba, domin su zauna masa a kunne tun kafin yatsunsa su kai gare su.

(c) Tana halartar kowane darasi. Za ta zauna ta saurara, ta rubuta abin da malami ya gyara da abin da ya ce a yi a gida.

(d) Ita ce malamar gida. Malami yakan ga yaro sau ɗaya a mako. Sauran kwana shida uwa ce ke tsayawa a kansa yana bita, tana gyara masa kafaɗa da wuyan hannu da inda yatsa ke sauka.

Yaro kan fara ne yana da shekara 3 ko 4, da ɗan ƙaramin goge daidai hannunsa, ana sauya masa babba yayin da yake girma. Littattafan bayolin na tsarin guda 10 ne. Na farko ya fara da wata sananniyar waƙar yara ta Turai, wadda ake kaɗawa da salo iri-iri domin hannun baka ya saba, na 9 da na 10 kuwa manyan kiɗe-kiɗen Mozart ne. Ba a barin abin da aka wuce. Ana ta tilawarsa, kamar yadda mai hadda ke yi, ana kuma haɗuwa da sauran yara a darasin taro. Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa mafi yawan sa'o'in koyon yaro a gaban uwa suke, ba a gaban malami ba.

4.3 Inda Tsarin Ya Yi Gaskiya

Wajibi ne a fara da yaba wa Suzuki a kan abubuwa uku. Na farko, ya rushe al'adar tantance yara kafin a karɓe su. A da, sai an ga alamar baiwa ake kai yaro wurin malamin goge, shi kuwa Suzuki bai yi wa yara jarrabawar shiga ba. Na biyu, ya gane cewa yaro ɗan shekara 3 ba zai iya riƙe abin da aka gaya masa ranar Litinin har wata Litinin ba. Dole a sami babba a gida wanda ya ji darasin. Wannan ya fi muhimmanci a bayolin, domin ba shi da alamun da ke nuna inda yatsa zai sauka kamar yadda jita ke da su, kuma mummunan riƙo idan ya zauna a jiki yana da wuyar gyara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na uku, ya gabatar da kunne a kan ido. Kamar yadda yaro ke magana kafin ya san baƙi da wasali, haka ɗalibin Suzuki ke kiɗa kafin a nuna masa rubutun kiɗa. An daɗe ana sukar tsarin da cewa ɗalibansa kan yi rauni wajen karanta rubutun kiɗa, amma wannan matsala ce ta lokacin da malami ya shigo da karatun, kuma malamai da yawa sun gyara ta hanyar shigo da shi da wuri. Ba ta rushe asalin ra'ayin ba.

Bincike ma ya ƙarfafa batun iyaye. A 1996 Jane Davidson da abokan aikinta suka wallafa sakamakon hirar da suka yi da yara 257 da iyayensu a Birtaniya. Sun gano cewa yaran da suka fi nisa a kiɗa su ne waɗanda iyayensu suka fi shiga harkar darasi da bita a shekarun farko, waɗanda suka daina kuwa iyayensu ba su cika damuwa da abin ba. Wani abin lura a binciken shi ne, alaƙar iyayen yaran da suka yi nasara da kiɗa ta fi karkata ga saurare, ba lallai sai sun iya kaɗawa ba. Ke nan a kan cewa hannun iyaye yana da tasiri, babu jayayya da Suzuki.

4.4 Inda Kwatancen Harshen Uwa Ya Gaza

Jayayya tana kan hujjar da aka ɗora tsarin a kai. Suzuki ya nuna cewa abin da yake yi maimaita hanyar koyon harshen uwa ne kawai. Idan aka ɗora hanyoyin biyu a sikeli, za a ga sun saɓa ta fuskoki huɗu.

Da farko, uwa gwana ce a harshenta, amma baƙuwa ce a goge. Matar Matsumoto ta 1946 ta shekara ashirin ko talatin tana magana da Jafananci kafin ta haihu. A goge kuwa ba ta wuce ɗanta da komai ba sai 'yan makonni. Bugu da ƙari, in ban da 'yan kiɗe-kiɗen da Suzuki ya tsara da kansa, abin da ke cikin littattafan na Turai ne, musamman waƙoƙin gargajiya na Jamus da ayyukan su Bach da Vivaldi da Handel da Mozart. Ashe abin da ake kira harshen uwa a nan harshe ne da uwar kanta ba ta ji. Shi ya sa sai an haɗa da faifai.

Na biyu, yaro yana koyon harshe ne domin yana bukatarsa. Da shi yake neman abinci, da shi yake wasa, da shi yake kai ƙara, kuma duk wanda ya gani a gida ko a titi da shi yake magana. Babu wata bukata ta yaro ɗan shekara 3 da goge ke biya masa. Saboda haka dole wani ya ƙirƙiro masa dalilin ɗaukar gogen kullum, ta hanyar lallashi ko wasa ko yabo, kuma wannan wani ɗin ita ce uwa. Tarihin Suzuki kansa ya nuna haka. Ya tashi a gidan da ake ƙera bayolin, amma ganin gogen kullum bai sa shi kaɗa shi ba sai yana saurayi.

Na uku, ba a ware wa koyon harshe lokaci. Babu uwar da ke zaunar da ɗanta bayan karin kumallo ta ce ya maimaita kalma ɗaya sau ashirin tana duba inda harshensa ke taɓawa. Yaro yakan yi ta gwaranci, ana dariya, har bakinsa ya faɗa da kansa. Bitar goge kuwa shiryayyen aiki ne mai lokaci da ƙa'ida da gyara. Abin da ya fi kama da shi shi ne karatu a gaban malami.

Na huɗu, yaron da ya fara magana yakan ƙirƙiri jimlolin da bai taɓa ji ba, kuma wannan ita ce babbar alamar ya mallaki harshe. Ɗalibin littattafan Suzuki kuwa yana bin jeri ɗaya ne tsayayye, kiɗa bayan kiɗa, yana kwaikwayon abin da ke cikin faifai. Wannan jeri ɗaya shi ya sa yara dubu da ba su taɓa haɗuwa ba za su iya goga tare, abin da ya ƙayatar da duniya. Amma ƙirƙira ba ta cikin ginshiƙan littattafan. Wanda ya haddace jawabai masu kyau da yawa ba lallai ne ya iya hira ba.

Akwai inda kwatancen Suzuki ya fi dacewa, wato gidajen da kiɗa yake gado. A ƙasar Hausa, alal misali, yaron da ya tashi a gidan masu goge ko kukuma ko garaya yana jin kiɗan daga hannun gwanaye, yana bin su wurin biki, yana ganin da shi ake ci da gida. A irin wannan gida kiɗa harshen gida ne na haƙiƙa, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da Suzuki ya yi shi ne ƙoƙarin gina irin wannan gida a inda babu gadon. Ƙoƙari ne abin yabo, amma gini ne, kuma gini sai da mai ɗaukar tubali. Kiran sa koyon harshen uwa yana sa a ɗauka abu ne da ke faruwa da kansa, alhali aikin shekaru ne da mutum ɗaya ke yi kullum ba tare da lada ba.

4.5 Batun Baiwa da Laifin Uwa

Daga wannan ne matsala mafi girma ta taso. Suzuki ya tafi a kan cewa ba a haihuwar yaro da basirar kiɗa, muhalli ne ke samar da ita. Manufarsa kyakkyawa ce, domin yana son a daina yanke wa yara ƙauna. To amma idan aka bi maganar zuwa ƙarshenta, sai a tambaya: idan yara biyu suka fara tare a wurin malami ɗaya da littafi ɗaya, ɗaya ya yi nisa ɗaya ya tsaya, ina bambancin ya fito? Tsarin ya riga ya wanke yaro, malami da littafi kuwa ɗaya ne. Saura gida. Wato laifin da aka ɗauke daga kan yaro bai ɓace ba, an sauke shi ne a kan uwa: ba ta sa faifai sosai ba, ko ba ta tsaya a kan bita ba, ko ta yi faɗa inda ya kamata ta yi yabo.

Irin wannan hujja tana da aibi a ilimance, domin babu abin da zai iya ƙaryata ta. In yaro ya iya, tsari ne ya yi aiki. In ya kasa, gida ne bai cika sharaɗi ba. Haka kuma binciken baya-bayan nan bai goyi bayan kore gado gaba ɗaya ba. A 2014 Miriam Mosing da abokan aikinta suka yi nazarin tagwaye kimanin 10,500 a ƙasar Suwidin. Sun gano cewa hatta yawan bitar da mutum ke yi yana da alaƙa da abin da ya gada a halitta, kuma tagwaye masu kama ɗaya da suka bambanta a yawan bita ba su bambanta ba a gwajin rarrabe sauti da kari. Gaskiya ne wannan bincike kunne ya auna, bai auna gwanintar hannu ba, don haka bai nuna cewa bita banza ce ba. Amma ya isa ya nuna cewa yara ba daidai suke farawa ba, kuma ba kowane bambanci ne za a tuhumi uwa a kansa ba.

Akwai kuma haɗari ga zumuncin uwa da ɗa. Malami yana gyara yaro na ɗan lokaci ya sallame shi. Uwa kuwa ita ce mai gyaran, ita ce mai ba da abinci, ita ce wadda yaro zai gudu wurinta idan an ɓata masa rai. Idan bita ta zama fagen rigima, yaro ba shi da wurin gudu. Andrea Creech, a binciken da ta wallafa a 2010 kan rukuni 337 na ɗalibin bayolin da malaminsa da ɗaya daga iyayensa, ta nuna cewa salon taimakon iyaye yana da muhimmanci ƙwarai. An fi samun alheri inda iyaye ke jin ra'ayin yaro a kan irin taimakon da yake so, suke sasantawa da shi a kan bita, suka kuma zama masu sauraro da sha'awa. Suzuki ya yi ta jaddada ƙauna da yabo, amma tsarin bai fayyace lokacin da uwa za ta ja da baya ta bar yaro da gogensa ba, alhali abin da ya dace da ɗan shekara 4 yana iya zama takura ga ɗan shekara 12.

4.6 Wace Uwa ce Tsarin Ke Nufi?

Tsarin ya bunƙasa ne a lokacin da tattalin arzikin Jafan ke haɓaka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ya zama ruwan dare a birane miji ya tafi aiki, mata ta zauna gida da yara. A wannan zamani ne ma Jafanawa suka ƙirƙiro laƙabi na musamman ga uwar da ta duƙufa a kan karatun 'ya'yanta. Irin wannan uwa tsarin ya samu, kuma da ita ya yi nasara. Amma tun daga ƙarshen shekarun 1990 gidajen da miji da mata duk ke aiki sun fi yawa a Jafan ɗin kanta. Uwar da ke fita da safe ta dawo da dare, ko mai yara biyar, ko wadda ba ta da kuɗin darasi da na sauya goge duk lokacin da hannun yaro ya ƙaru, ba za ta iya cika sharuɗɗan nan huɗu da aka lissafa a 4.2 ba. Bisa ga haka, da'awar cewa kowane yaro zai iya tana da sharaɗin da ba a faɗa ba, wato kowane yaron da ke da babba mai lokaci da hali a gida. Tsarin da ya soke tantance yara ta hanyar baiwa sai ya koma yana tantance su ta hanyar gidajensu. A yau uba ko kaka kan riƙe wannan matsayi a wurare da yawa, amma sauya mai ɗaukar kaya bai rage nauyin kayan ba.

4.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa gudummawar Suzuki ta haƙiƙa ita ce shigo da iyaye cikin ɗakin darasi, da fara koyarwa ta kunne, da buɗe ƙofa ga yaran da a da ba a karɓa. An kuma ga cewa kwatancen harshen uwa ya dace a kan gabatar da saurare kafin karatu, amma ya gaza ta fuskar gwanintar uwa da bukatar yaro da yanayin bita da ƙirƙira. Gazawar nan tana da sakamako, domin ita ce ta mayar da aikin uwa abin da ba a gani, ta kuma sa ake tuhumarta da abin da ba duka ne a hannunta ba. Don haka wannan kundi yana ganin ya kamata malamin da zai yi amfani da tsarin ya gaya wa iyaye gaskiyar yawan aikin tun ranar farko, ya yarda cewa yara sun bambanta a saurin kamawa, ya tsara yadda hannun iyaye zai riƙa raguwa yayin da yaro ke girma, sannan ya tanadi wata hanya, kamar bita a makaranta ko taimakon manyan ɗalibai, domin yaron da babu mai tsaya masa a gida. A babi na gaba za a kawo taƙaitawar aikin gaba ɗaya tare da shawarwari.